A Bar wa Na'ura Ɗaurin Kaya, Ban da Cewa a Tafi

Abin da ake yayi yanzu a tsakanin masu kula da buɗaɗɗun manhajoji shi ne a sakar wa na'ura aikin fitar da sabuwar siga baki ɗaya. Mutum ya tura gyaransa GitHub, sai wata manhaja irin semantic-release ta karanta ɗan bayanin da ya rubuta, ta ƙara lambar siga, ta jera sauye-sauye, ta haɗa ƙunshin ta aika npm. Kafin ya gama shan shayi, duniya ta fara saukewa. Ni dai rabin wannan yayi na yarda da shi.

Abin da ya faru da xz Utils a 2024 ya isa hujja. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, amma kusan kowace kwamfutar Linux tana ɗauke da ita, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, yake fama da ita. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi ta taimakawa har aka amince masa ya riƙa fitar da siga. A 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa, kuma abin da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da aka raba wa jama'a ne, babu shi a ma'ajiyar da kowa ke dubawa. Andres Freund, injiniyan Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, shi ya gano a ƙarshen Maris, bayan ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da na'ura ce ke haɗa ƙunshin a bainar jama'a, kai tsaye daga ma'ajiya, da ɓoye wannan ya yi wuya. Saboda haka haɗawa, gwaji da aikawa, a bar wa na'ura, ba ta gajiya, ba ta mantuwa.

Sai dai ita ma ana yi mata sakiyar da ba ruwa. A Maris 2025 an kutsa cikin tj-actions/changed-files, wani ɗan kayan aiki da dubban ayyuka ke kira a GitHub Actions, aka sa shi yana fallasa makullan sirri. Wanda ya miƙa wa irin waɗannan kayan aiki ikon fitar da siga ba tare da idon kowa ba, ya ba kura ajiyar nama.

Inda na fi ja da masu yayin shi ne batun lokaci. Na'ura ta san an yi gyara, amma ba ta san ko kayan sun nuna ba. Jerin sauye-sauyen da take rubutawa kuwa, wallahi sau da yawa ba ya karantuwa: layi bayan layi na "an gyara kuskure", alhali mai amfani so yake a gaya masa ko sabuntawar za ta karya masa aiki.

Dubi Linux. Mako biyu ake buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa, sannan jagoran aikin, Linus Torvalds, ya riƙa fitar da sigar gwaji duk mako, yawanci ranar Lahadi, har zuwa ta bakwai. Idan hankalinsa bai kwanta ba, sai ya ƙara ta takwas, ya kuma rubuta wa jama'a dalilinsa da hannunsa.