Ƙirji Kamar Dutse, Gwiwa Kamar Kara

Kwanan baya wani bidiyo ya zagaya wayoyin ƴan fadarmu a Filinge. Wata Baturiya ce bisa tabarmar roba a bakin teku, tana lanƙwasa jiki sai ka ce ba ta da ƙashi. A ƙasa an rubuta da Faransanci wai minti goma na yoga kowace safiya na raba mutum da ciwon baya, da gajiya, da damuwa. Kafin shayi na biyu ya nuna, fada ta rabu. Wasu suka ce bautar rana ce, a goge. Wasu kuwa da safe har sun shimfiɗa tabarmi. A ganina duka sun yi gaggawa, shi ma bidiyon bai faɗi gaskiya duka ba.

Laifinsa na farko, talla ce. Ba a yi shi don saurayin da ya yini yana noma da hauya ba, sannan da marece ya shiga fili. Na biyu, ya mai da yoga maganin komai. To wallahi jijiyar gwiwa in ta tsinke, ba numfashin da zai ɗinke ta, sai likita.

Amma mu dubi namu horon. Muna cika gwangwanayen madara da siminti mu ɗaga, mu yi gudu cikin rairayin Dallol Bosso, da kaka kuma a buga ganga a shiga kokawa. Kowa so yake ƙirji ya buɗe, damtse ya kumbura. Wa ka taɓa gani ya zauna yana miƙa cinya bayan wasa? Bara wani abokina, ƙarfi kamar sa, aka ɗaga mishi ƙafa ɗaya a fili. Bai iya tsayuwa bisa ɗayar ba, ƙugun ya ƙi juyawa, gwiwa ta ɗauki nauyin duka. Wata uku yana ɗingishi tsakanin maɗori da asibiti, babansa kuwa sai da ya biya ƴan ƙwadago suka kwashe mishi damman hatsi.

Nan ne yoga ke da abin faɗi. In ka cire kiɗan da bakin tekun, abu uku suka rage: miƙa tsoka a hankali, riƙe tsayuwa ba tangaɗi, da sarrafa numfashi. Duka ukun ɗan kokawa na bukata. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ba mai ƙarfi kaɗai ke ci ba. Ku kalli Isaka Isaka na Doso in an kama mishi ƙafa, yadda yake tsayawa bai firgita ba. Ban ce yoga yake yi ba. Na ce abin da ya mallaka, ana iya koyonsa. A ƙwallo ma, Ryan Giggs ya buga wa Manchester United har ya kai shekara 40, shi da bakinsa ya yaba wa yoga.

Abin da bidiyon bai faɗa ba: doguwar miƙa dab da karawa takan rage wa tsoka kuzari. Kafin wasa a ɗumama jiki da ɗan gudu, miƙa ta zo bayan an gama. In ka ji zafi mai suka, tsaya.

Maganar addini kuma ba ta wasa ba ce. Yoga daga Indiya ta fito, tana da saiwa cikin addinin Hindu, har akwai jerin motsin da sunansa ke nufin gaisuwar rana. Masu tsoro ba su yi laifi ba. Sai dai a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ke haɗe da ibadar Hindu, ta bar wadda take motsa jiki zalla. A 2017 Saudiyya ta sa ta cikin jerin wasanni. Ke nan ana iya rabe tsaba da tsakuwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa, ya bar sunan, ya riƙe miƙar.

Ƴan uwa, tabarmar kaba ta isa, ba sai ta roba ba. Minti goma bayan horo: cinya, ƙugu, baya, sai tsayuwa bisa ƙafa ɗaya. Gwiwar nan da muke kaiwa fili, ita ce dai za ta kai mu gona da damina.