Darasin Asibitin Blida: Sanin Al'ada Kaɗai Bai Isa Ba

A 1953 aka tura Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, asibitin Blida da ke Aljeriya, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Ya zo da dabarar da ya koyo a Turai: a riƙa tara majinyata suna tattaunawa, su buga jaridarsu, su kalli fim, su yi sana'ar hannu. A ɓangaren matan Turawa abin ya karɓu. A ɓangaren maza Musulmi kuwa, shiru kake ji. Me jarida za ta tsinana wa wanda bai yi boko ba? Saƙar kwando a wurinsu aikin mata ce. Likitan kuma sai da tafinta, alhali ba kowa ke fasa cikinsa a gaban mutum na uku ba.

Manyan likitocin mulkin mallaka, irin su Antoine Porot, sun daɗe da yanke hukuncin cewa tunanin ɗan Arewacin Afirka bai kai na Bature ba. Fanon ya ƙi wannan, ya tuhumi tasa dabarar. Ya buɗe wa mazan gidan shan gahawa irin wanda suka saba zama a garuruwansu, aka riƙa bikin Sallah, aka gayyato mai ba da labari. Sai ga waɗanda aka ce ba su da kataɓus suna hira.

Wannan shi ne rabin farko na abin da masu sana'ar ba da shawara a Amurka suka tsara daga baya. A 1992 Derald Wing Sue da abokan aikinsa biyu suka fitar da ƙa'idoji: mai ba da shawara ya san son zuciyarsa, ya san yadda wanda ke gabansa yake kallon duniya, ya zaɓi hanyar da ta dace da shi. Sai a 2015 aka sabunta su, aka shigar da batun adalci sarai.

Fanon ya riga su isa can. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954, aka riƙa kawo masa waɗanda aka azabtar, har da masu azabtarwar. Ya ga cewa warkar da mutum sannan a mayar da shi hannun abin da ya zautar da shi aikin banza ne. A 1956 ya ajiye aiki.

A nan nake ganin sana'ar ta fi rauni, mu ma a gida. Girmama al'ada yana da sauƙin koyarwa, kuma yakan zama mafaka. Mace ta zo da kumburarriyar fuska, mai ba da shawara ya kira iyaye da liman, wanda daidai ne, amma zaman ya ƙare a kan "ki yi haƙuri, ki koma ɗakinki", ba wanda ya ce wa mijin uffan. An bi al'ada, an bar zalunci yadda yake, alhali addinin da aka jingina da shi ya hana cutarwa. Haka yaron da ya gaza a makaranta saboda yunwa: nasiha ba za ta cika masa ciki ba.

Masu horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a da malaman shawara a makarantunmu, ku koya musu harshe da ladabin mutane, sannan ku koya musu tambayar wa ke cutuwa a cikin gidan, da ƙofar da za a ƙwanƙwasa domin a ƙwato masa haƙƙinsa.