Karatun Malam a Gaban Mota

Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Direban tirela da ya yi lodin albasa ko shanu zai ratsa Zariya da Kaduna, ya gangara Tegina da Mokwa, ya haye gadar Jebba kafin ya ga Ilorin da Ibadan, kuma in hanya ta yi gardama sai ya kwana biyu ko uku a kanta. Hannu yana kan sitiyari, ido yana kan kwalta, ƙafa tana tsakanin totur da birki. Kunne kaɗai ya rage masa. Abin da yake zubawa a kunnen nan ya daɗe yana ɗaukar hankalina, domin ni ma aiki ya sa na san hanyar Kano zuwa Maiduguri kamar tafin hannuna, kuma mafi yawan tafsirin da na ji a rayuwata a gaban mota na ji shi.

Da can kiɗa ne ya mallaki wurin. Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa, Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota tasa, direbobi kuwa suka saka musu da alheri, suka yi ta yawo da muryoyinsu gari gari. Karatun malamai ya shigo ne ta ƙofar rediyo. A 1967 gidan rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello, sai ga karatun da a da sai an tako an zauna a tabarma ake jinsa yana isa ƙauyukan da malamin bai taɓa zuwa ba. Kaset ya zo ya ƙarasa aikin. Rediyo yana da lokacinsa, kuma tasha takan ɓace a daji, amma kaset naka ne: minti 45 a kowane gefe, in ya ƙare yaron mota ya juya shi, in zaren ya harɗe a sa biro a naɗe. Yanzu memori ya gaje shi, ɗan abu kamar farce ya haɗiye tafsirin shekaru.

Me ya sa karatun ya dace da hanya haka? A ganina sirrin yana cikin ƙirarsa. Tafsirinmu na murya biyu ne. Mai jan baki ya ja aya da ƙira'a, ya tsaya, malam ya karɓa da Hausa, ya fassara gaɓa gaɓa, ya kawo dalilin saukarta, ya ratse zuwa wani labari na kasuwa ko na zaman aure, masallaci ya ɗauki kabbara ko dariya, sannan a koma kan aya. Wannan hawa da sauka shi ne maganin gyangyaɗi. Murya ɗaya mai tafiya a miƙe, ko da zinariya take furtawa, tana sa barci tsakanin Azare da Potiskum da tsakar rana. Ga kuma maimaici. Malamin da ya taso a zaure ya saba faɗin magana sau biyu ko uku, saboda almajiransa da ka suke ɗauka, ba da alƙalami ba. Direban da rami ko shingen jami'an tsaro ya ɗauke wa hankali zai tarar da maganar tana jiransa a zagaye na biyu. Ba don mota aka tsara karatun haka ba, amma kamar an gwada mata shi.

Shi ya sa muryoyin da suka yi shiru a masallatansu ba su yi shiru a hanya ba. Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Nasiru Kabara a 1996, an harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacin Ɗorayi a 2007, amma ka tsaya a Mararrabar Jos ko Tafa da dare ka kasa kunne, za ka ji wani daga cikinsu yana fitowa ta tagar wata mota. Tafsirin da Malam Ja'afar ya yi a masallacin Indimi na Maiduguri na ji shi a motoci da yawa, wani lokacin muna nufar garin da aka ɗauke shi.

Akwai abin da nake ganin ba a yaba wa direbobi a kansa. Karatun Ramadan guda zama ne kusan 30, kowane ya kai awa ko ya wuce. Waye a cikinmu, mu masu zaman ofis da waya a hannu, yake iya bin wannan daga farko har ƙarshe? Mu guntaye muke gani, minti biyu da wani ya yanko don ya tayar da ƙura. Direba kuwa yana jin inda malam ya faro, da inda ya yi togaciya, da inda ya dawo washegari ya gyara abin da ya faɗa jiya. Na zauna da masu tuƙin da ba su gama firamare ba, amma sun san ƙissar Annabi Yusuf a jere, kuma suna iya gaya maka yadda malamai biyu suka saɓa a fassarar aya guda. Wannan ilimi ne, kuma da guminsu suka same shi.

Sai dai sauraro daban, karatu daban. A zaure almajiri ne yake buɗe Ahalari ko Iziyya ko Risala ya karanta Larabcin da bakinsa, malam yana fassarawa yana gyara masa wasali, yana kallon fuskarsa ya gane ko ya fahimta. Lasifikar mota ba ta ganin fuska, ba a kuma ce mata "Allah gafarta Malam, ban gane nan ba."

Wani dattijon direba da muka yi tafiya tare ya nuna mini wannan giɓi da kansa. Mun tsaya sallah a Damaturu, muka yi ƙasaru, da muka koma mota sai ya ce, "Malam, ni fa in na je Legas jiran kaya, ko sati zan yi raka'a biyu nake yi. Haka na ji a kaset." Na tambaye shi, "Baba, kana sanin ranar da za a yi maka lodi tun kafin ka sauka?" Ya ce wani lokaci yana sani, wani lokaci sai yadda ta yiwu. To a nan maganar take. A Risala, matafiyin da zai yi mil 48 yana ƙasaru, amma da zarar ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu, ko abin da zai kai salloli 20, sai ya cika. Wanda yake jiran lodi bai san yau ba bai san gobe ba, hukuncinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka ce masa sai Litinin mai zuwa. Na tabbata malamin da ya saurara ya faɗi wannan sharaɗi. Wataƙila a daidai lokacin wata tanka ta danno, ko gefen kaset ya ƙare. Rabin mas'ala ya ɗauka, ya yi shekaru yana aiki da ita da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne irin kayan da ake cika memori da su yanzu. Mai tura karatu a bakin tasha ya lura raddi ya fi saurin shiga, sai ya jera wane ya zagi wane, Izala da Ɗarika, a motar haya mai ɗauke da mutum 18 da kowa da malaminsa, wani ma ba Musulmi ba ne. Direba shi ne liman a motarsa, ba mai iya sauka a dokar daji. Na sha ganin fasinja ya haɗe rai daga Wudil har Potiskum saboda abin da ake kwarara masa a kunne, alhali da Riyadus Salihina aka saka, ko tafsiri mai bin aya, da kowa ya sami rabonsa.

Dattijon nan bai ji haushin gyaran ba. Ya yi shiru har muka wuce Benisheik, sannan ya ce in mun isa zai nemi limamin masallacin tasha ya ƙara tambaya, don shi ba ya ɗaukar fatawa a bakin fasinja. Na ce ya yi daidai. Ya miƙa hannu ya mayar da karatun baya, zuwa inda muka katse shi kafin sallah.