Izgar Doki da Fatar Guza

Duk abin da ake buƙata a haɗa goge ana samunsa tsakanin Ƙaraye da Rogo, ba sai an shiga birni ba. Duma na yaɗo a gonaki da kan danga, guza na yawo a bakin ruwan Challawa, izga kuwa tana bindin dawakan da ake hawa ranar sallah. Kaya ne da yaro zai wuce su bai ko waiwaya ba. Sai sun shiga hannun gwani ake jin bakinsu.

Da ƙwarya ake farawa. Mai haɗawa zai zaɓi mai kauri wadda ta bushe sarai, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurara. In ya ji alamar tsaga, ya ajiye ta gefe. Sai ya huda ta, ya zura sanda ta ratsa, ita ce wuyan gogen. Fatar guza ake jiƙawa ta yi laushi, a shimfiɗa a bakin ƙwaryar, a ja ta ko'ina daidai, a kafe, a bar ta ta bushe a hankali. Gaggawa a nan asara ce, don fatar da ta bushe a karkace ba ta ba da sauti mai kyau. A gefe guda na fatar ana yanke 'yar kafa zagayayya, ta nan muryar ke fita.

Tsirkiyar ba ta ƙarfe ba ce. Gashin bindin doki ne, silli-silli masu yawa, a taje su su kwanta tare ba wanda ya hau wani, a ɗaure daga gindin sanda zuwa samanta. A ƙarƙashinsu ake sa jaki, wato ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiya yana kai wa fata girgizarta. Abin gogawar ma izga ce, an ɗaure ta a lanƙwasasshen itace ko ƙarfe. In ba a shafa mata ƙaro ba zamewa kawai za ta yi, shi ya sa ba ka raba mai goge da ɗan dunƙulen ƙaro. Da damina fata kan saki, sai ya kanga ta a rana ko kusa da wuta. Da hunturu ta ɗaure, sai ya sassauta. Kullum sai ya duba yanayin gari kafin ya san inda kayansa suka kwana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hannun hagu. Tsirkiya ɗaya ce tal, kuma babu wata alama a sandar da za ta nuna inda za a ɗora yatsa. Ba ma danne ta ake yi har ta taɓa itace ba, taɓawa ce kawai da cikin yatsu, a ɗaga, a sake taɓawa. Yatsa ya goce kaɗan, sauti ya ɓaci, kuma duk mai kunne a wurin zai ji. Gwani kan daidaita tsirkiyar da muryarsa tun kafin taro, sannan ya rera layi, gogen ya maimaita shi har da hawa da saukar kalmomin, yadda Bahaushe zai gane abin da izga ta faɗa. A gabansa 'yan ƙwarya na zaune, sun kife ƙorai suna bugu da 'yan sanduna, 'yan amshi na jiran inda zai ajiye musu. Wanda ke zaman majalisa daga hantsi zuwa la'asar yana ce wa wannan wasa, da an miƙa masa gogen da ko kuka ɗaya mai daɗi ba zai fitar ba.

Malamai sun daɗe suna ƙyamar goge saboda alaƙarsa da bori da zaman bariki, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Cikin waɗanda suka riƙe makaɗa irin waɗannan akwai 'yan daudu, mazan da ke ɗaukar salon mata a magana da sana'a, waɗanda aka sani da iya suya da girki a tashoshin mota da kasuwanni. Rudolf Gaudio, malamin jami'a daga Amurka da ya zauna da su a Kano ya fitar da littafi a 2009, ya nuna yadda babba ke riƙe ƙarami a matsayin uwa da ɗiya, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa tukunya. Da yawansu daga ƙauye suka zo, wasu kuma gida ya juya musu baya. Wanda ba shi da dangin da zai kai wa kuka, biki ne gatansa: ya tara ƙawaye, kowa ya kawo gudummawa, a riƙe lissafi, ranar bikin wani a rama.

A nan aikin mawaƙi ya wuce na yatsu. Tun kafin ranar sai ya san wa zai zo, daga wane gari, wace ce uwar ɗakinsa, wa ya taɓa taimakon wa, su wa ke gaba da juna don kada kirarin wani ya zama habaici ga wani. Duk a ka yake riƙe su, babu takarda. Yana kallon fili, da ya ga wanda ake jira ya shigo sai ya juya kiɗan zuwa takensa, ya kira shi da sunan da yake so, ya ambaci alherinsa na baya. Mutum ya miƙe, ya taka, ya yi liƙi, ya ajiye gudummawarsa, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta. Mai hannu da shuni a kai shi sama. Wanda ya zo da kaɗan a yabe shi yadda ba zai ji kunya ba. Ni a ganina wannan ne ma'aunin gwani, domin taron na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma da abin da aka tara ake tayar da jarin da ya karye, a biya kuɗin ɗaki, a aurar da ƙanwa a ƙauye.

Filin ya ƙuntata. An ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa hukumar Hisba a 2003, sannan a 2014 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta haramta har da tarurruka da ƙungiyoyin masu neman jinsi. Bukukuwan da ake yi a sarari sun ja baya, na'urar sauti da kiɗan fiyano kuma sun cinye kasuwar da ta rage. Mai son koyon goge a yau sai ya nemi tsohon hannu ya lazimce shi, ya fara da ɗaukar kaya da bugun ƙwarya da amshi, ya haddace take da sunaye, kafin a yarda ya ɗora yatsa a kan izga.