Jerin Finafinan Shekara da Hukuncin 'Yan Kallo a Ƙasar Gumel

Al'ada ce ta masu sha'awar kallon fim a ƙasashe da yawa, in shekara ta zo ƙarewa, kowa ya zauna ya jera finafinan da ya gani a cikinta, ya ce wannan shi ne na ɗaya, wannan ke bi masa, har ya kai goma. A Ingila mujallar nan mai suna Sight and Sound ta mai da irin wannan jeri babban sha'ani tun 1952, ko da ya ke ita sai bayan shekara goma goma ta kan tambayi masana, kuma ba ta tsayawa kan finafinan shekara guda. Karon farko Bicycle Thieves na ƙasar Italiya ya zo gaba. Daga 1962 har 2002 Citizen Kane ya riƙe wurin, a 2012 Vertigo ya ture shi, a 2022 kuwa aka ba Jeanne Dielman, wanda wata mace, Chantal Akerman, ta shirya tun 1975. A cikin waɗannan shekaru duka babu fim ko ɗaya da aka ƙara wa wani abu ko aka rage masa. Masu zaɓen ne su ka sāke, yawansu ya ƙaru, abin da su ke nema ya canja. Ashe ke nan jeri shaida ne a kan mai jerawa kafin ya zama shaida a kan fim, kuma da wannan ido ya kamata a dubi jerin da 'yan kallo ke yi a ƙasar Hausa.

A garuruwan ƙasar Gumel, watau irin su Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar da Maigatari, ba kasafai a ke rubuta jerin nan a takarda ba. A baki ya ke, a majalisar samari bayan sallar lisha, ko gaban teburin mai shayi, ko a rumfar mai cajin waya inda a ke tura wa mutane fim. Wani ya ce bana bai ga kamar kaza ba, wani ya ce ai wane ya fi shi, a yi ta musu har dare ya raba. Mai karatu zai iya cewa wannan hira ce kawai, ba ta kai a kira ta nazari ba. Amma in an saurara da kyau za a ji ana kawo hujja ana rushe hujja, ana gwada bana da bara, ana tuhumar mai shiri da satar labari. Aikin mai nazari bai wuce wannan ba, illa shi yana da alƙalami.

Abin da ya fara rikita mai bincike shi ne kalmar shekara kanta. Mai jeri a London ko Paris yana nufin finafinan da su ka fito cikin wata goma sha biyun nan, gama a can ranar fitowar fim ita ce ranar da ya ke isa ga mai kallo. Gagarawa Tasha kuwa, kamar yadda sunanta ya nuna, gari ne da ya tashi a gefen tashar jirgin ƙasa, a kan hanyar dogon da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930. Gari ne da ya saba da jiran kaya su iso. Haka fim ma ya ke a wannan yanki tun asali. A zamanin Turawa da na En'e motar majigi ce ke yawo gari gari, ta kafa farin ƙyalle a fili ta nuna abin da ta ɗauko, ko na tsabta ne ko na noma irin su Baban Larai, ba mai tambayar shekarar da aka yi shi. Ko a birnin Kano, inda aka buɗe gidan silima na Rex tun 1937, fim ɗin Indiya nan Mother India na 1957 ya yi shekaru aru aru ana maimaita shi, kowane yaro ya taso ya gan shi sabo. Da kaset ya zo, sa'an nan faifan CD, sa'an nan katin waya, tazarar ta ragu amma ba ta gushe ba. Saboda haka in mutumin Gagarawa ya ce fim kaza ya fi na bana duka, abin da ya ke nufi shi ne bana ya zo hannunsa, ko da kuwa ya shekara bakwai da fitowa.

Shekarar tasa ma ba daga Janairu ta ke somawa ba. Masu shirya fim a Kano sun daɗe da sanin kasuwar Salla, su kan ajiye manyan ayyukansu sai Ƙaramar Salla ko Babba. Mai kallo a karkara kuma da damina yana gona, sai kaka ta yi, an sayar da riɗi da zoɓo, an je kasuwar Maigatari ran Alhamis an dawo da 'yan kuɗi, sa'an nan ya sami sukunin zama. Wanda duk ya tara jerin waɗannan mutane ya auna shi da kalandar ofis, lalle zai ce sun ruɗe, alhali kuwa shi ne bai san ma'auninsu ba.

Akwai kuma tambayar abin da za a ƙidaya a matsayin fim ɗaya. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, har zuwa shekarun da aka fara kiran sana'ar Kannywood, sunan da ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999, fim abu ne mai farko da ƙarshe, ko da an raba shi na ɗaya da na biyu. Bayan da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sa'an nan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So su ka karɓu, sai akasarin kallo ya koma ga masu dogon zango, waɗanda a ke bi mako mako. Labarina ya taɓa sāke wadda ke fitowa a matsayin babbar jarumarsa, daga baya ma ya ɗauko wani labari dabam a ƙarƙashin sunan nan guda. To, wanda ya sa Labarina na ɗaya a jerinsa, wanne ya ke nufi? Ga kuma Indiya-Hausa, watau finafinan Indiya da irin su Algaita ke ɗora wa muryar Hausa. Mai kallo ya kan jera su kafaɗa da kafaɗa da na Kano, kuma in an bi yabon nasa a hankali sai a ga rabinsa ba na 'yan wasan Indiya ba ne, na mai fassara ne, saboda karin magana da baƙar magana da ya cusa a bakinsu. Wannan adabin Hausa ne sosai, ko da ya ke fuskokin baƙi ne, kuma har yanzu bai sami rabonsa na nazari ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ma'aunin da a ke zaɓe da shi. In aka tambayi mai kallo dalilin da ya sa ya fifita wani fim, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce akwai darasi, ko ya yi ma'ana, ko ya faɗakar. Amsa ce ta mutunci, kuma tana da tarihi. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, masu fim ke kāre sana'arsu da cewa faɗakarwa su ke yi, malamai kuwa na cewa ɓata tarbiyya su ke yi, har mai kallo ya koyi cewa da wannan harshe kaɗai a ke yabon fim a gaban manya. Amma fa in aka bar shi ya ci gaba da magana, ba darasin zai ambata ba. Waƙar zai rera, ya kwaikwayi tafiyar jarumin, ya maimaita wata magana da aka yaɓa wa kishiya. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, labarinsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa jin tatsuniya: ɗan sarki ya so Zubaina, yarinyar da ke aiki a gidan sarauta, aka yi ta ƙulle-ƙulle. Abin da ya ɗaga shi bisa tsararrakinsa, har ya canja yadda a ke shirya fim a Kano, shi ne waƙarsa da kiɗan fiyano. Wasila na 2000 kuwa ya taɓo cin amanar aure, abin da a ke jin nauyin faɗa, mutane su ka yi ta rububinsa, sa'an nan su ka ce don darasi su ka kalla. Ba ƙarya su ka yi ba. Rabin gaskiya su ka faɗa, rabin da ba ya jawo tsegumi.

Babu inda wannan kunya ta fi bayyana kamar a kan camama. Masu sana'ar sun daɗe da raba finafinansu gida biyu, na santimental, watau na soyayya da zaman gida da 'yan birni, da na camama, watau na barkwanci da ƙauyanci, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya zama sarkinsu har ya rasu a Disamba 2014. Duk wanda ya san karkara ya san Ibro ya shiga gidajen da manyan jarumai ba su shiga ba, ya kuma san maganganunsa sun zama abin zance a kasuwa da tasha. Duk da haka ɗalibin kwaleji in aka ce ya rubuta gwanayensa goma, da ƙyar zai sa na camama ko ɗaya, don kada a ce masa baƙauye. Nan jeri ya zama riga ta zuwa biki: abin da mutum ya ke so a san ya kalla, ba abin da ya ci masa dare ba. Hasarar kuwa babba ce, domin a cikin camama ne a ke jin Hausar ƙauye da ba a goge ba, a cikinta ne kuma a ke yi wa mai kuɗi da malamin tsibbu da ɗan siyasa ba'ar da santimental ba ya iyawa.

Sa'an nan majalisar da a ke musun nan ta maza ce. Matan aure a cikin gida suna cikin waɗanda su ka riƙe kasuwar kaset tun farko, labaran kishi da uwar miji da saki domin su aka fi yin su, wasu ma daga littattafan mata aka ɗauko, kamar Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Suna da nasu jerin, a gidan suna da gidan biki da wurin kitso, amma ba ya isa teburin mai shayi, balle kunnen mai bincike namiji.

Kada wannan ya sa a rena hukuncin 'yan kallo. Mutanen da su ka laƙaba wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, su ka ce wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, sun taƙaita halin ɗan wasa cikin kalma biyu uku, irin yadda maroƙi ke yi da kirari. Kalmar wankiya, wadda a ke jifan fim da ita in an ɗauko shi daga na Indiya an sa masa hula da babbar riga, ta ƙunshi tuhuma da hujja gaba ɗaya, kuma mai faɗinta sau da yawa zai iya kawo sunan uwar fim ɗin da wurin da aka karkace. Ya tsaru magana ce a kan ginin labari. An ja shi magana ce a kan tsawon da ba shi da dalili. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta ba irin wannan harshe fili a shafin wasiƙunta, kuma mai neman tarihin ra'ayin masu kallo ba shi da taska kamarta. Rauninsa ɗaya ne, shi ne ba ya jimirin tsayawa kan abu guda: wanda aka gani jiya ya kan danne wanda aka gani watan Azumi, son jarumi kuma ya kan rufe ido ga raunin labari.

Jerin kyaututtuka ba zai maye gurbin wannan ba. A 2024 an zaɓi Mai Martaba, fim na Hausa, ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar ta Amurka, abin farin ciki ne, amma 'yan kwamiti ne su ka zaɓa, bisa sharuɗɗan da aka gindaya a wata ƙasa. Ba zai gaya wa kowa abin da matar manomi a Sule Tankarkar ta kalla sau uku a wayar ɗanta ba.

Malaman da ke horon malamai, irin na Kwalejin Ilmi ta Gumel, suna da hanyar da ba ta bukatar kuɗi. Ɗalibansu daga waɗannan garuruwa su ke, can kuma su ke komawa hutu. In aka sa kowane ya rubuto jerin mutum uku na gidansu, har da mace da tsoho, da lokacin da fim ya iso, da hanyar da ya biyo, da dalilin fifiko cikin kalmomin mai shi ba tare da gyara ba, sa'an nan a aji a matsa masa ya bambanta dalilin da aka faɗa da wanda ya ɓuya, to ya koyi nazari da abin da ya sani kafin a ɗora masa ra'ayoyin littattafai. Takardun kuma in an adana su za su yi amfani wata rana, gama fim abu ne mai saurin salwanta. Kaset ɗin bidiyo na shekarun 1990 zafi da ƙura suna cinye shi, na'urar kunna shi ma ta yi wuya. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka tsinci faifansa, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a Berlin a 2018. Shi ya yi sa'a, akwai sunan Firayim Minista a jikinsa, akwai masu cigiyarsa. Fim ɗin camaman da aka ɗauka cikin kwana uku a wani ƙauye na Wudil ba mai cigiyarsa daga Jamus, sai fa in wani ɗalibi ya rubuta cewa kakarsa a Gagarawa Tasha ta sa shi na ɗaya.