Gidajen Turawa Da Bukkokin Lebura: Nazari A Kan Labaran Ziyarar Bukuru

Labarin tafiya ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Tun a 1944 Alhaji Abubakar Imam ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyararsa ta Ingila, daga baya Malam Aminu Kano ya biyo da Motsi Ya Fi Zama. Abin farin ciki ne yadda matasan marubutanmu suka farfaɗo da wannan fanni, har wasu suna rubuta ziyararsu ta garuruwan kuza irin su Bukuru da Barikin Ladi. Sai dai akwai wani giɓi da ke maimaita kansa a irin waɗannan rubuce-rubuce, shi ne maƙasudin wannan nazari.

Yawanci zubinsu ɗaya ne. Marubuci zai yaba sanyin gari, ya siffanta tsofaffin gidajen Turawa masu katangar dutse da rufin kwano da murhun jin ɗumi, ya tsaya bakin kududdufi ya ce ruwan ya ba shi sha'awa, daga nan ya hau mota ya koma gida. Siffantawar kan yi armashi. Amma idan mai karatu ya tambaya wa ya haƙa ramin da ya zama kududdufin, ko wa ya fasa dutsen da aka yi ginin, sai ya ji shiru.

Ga shi kuwa amsar tana cikin tarihi. Kafin zuwan Turawa, Hausawa suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Delma. A farkon ƙarni na 20 Turawan kamfanin Neja suka bi sawun wannan kuza har tsaunukan Filato, ƙasar Birom da maƙwabtansu, inda aka mayar da gonaki ramuka. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru domin kwasar kuza, aka rufe layin a 1957. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka shiga tilasta wa talakawan lardunan Arewa aikin haƙa, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. An yi wannan har 1944, kuma mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985 ita ta ƙarasa durƙusar da manyan kamfanonin.

To, me ya sa marubutanmu ba sa ganin wannan? Dalili na farko shi ne gidan manaja da dutse aka yi shi, ya tsaya. Bukkar lebura ta laka ce da ciyawa, damina ta cinye ta. Wanda ya dogara da ido kaɗai, tarihin mai gida zai kwaso, ya bar na yaron gida. An ce gani ya kori ji, amma a garin kuza sai an haɗa da ji. Na biyu, kalmar bariki ta riga ta yi ƙaurin suna a littattafanmu na soyayya, inda ba ta da ma'ana sai wurin lalacewa. Mun manta cewa a waɗannan garuruwa bariki masaukin lebura ne, inda Bahaushe da Babarbare da Tibi suka kwana layi ɗaya, mata suna sayar da tuwo, mahauta da mawaƙa suna neman abinci. A Bukuru aka haifi Ɗanmaraya Jos, wanda ya shahara da waƙoƙin talakawa masu neman na kansu.

Wani zai ce marubucin ziyara ba malamin tarihi ba ne, aikinsa ya nishaɗantar. Haka ne, kuma ba a ce ya cika labarinsa da shekaru ba. Abin da ake nema shi ne ya sa mutum a cikin ginin. Ya zauna da dattawan unguwa, ya tambayi jikokin lebura daga wane gari kakansu ya fito, me ya hana shi komawa. Ya kula da matan da ke wankin kuza da ƙwarya a gefen tsofaffin ramuka, ya ji ta bakin manomin da gonar kakansa ta koma ruwa. Jimla ɗaya daga bakin irin waɗannan ta fi shafi guda na yabon katanga.

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta ita ce a hanzarta. Waɗanda suka yi ɗiban gwamna kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun manyanta. Ginin dutse zai jira mai ziyara na baɗi, amma tsohon da ke riƙe da labarin ba shi da wannan tabbas. Allah Ya ba mu ikon rubuta shi.