Sharhi a kan koyar da gwajin juriyar zuciya: misalin gwajin Ruffier

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba yadda ake koya wa ɗaliban ilimin motsa jiki auna juriyar zuciya, wato abin da ake kira épreuve d'effort da Faransanci. Mun zaɓi gwajin Ruffier a matsayin misali domin sananne ne a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kuma ba ya bukatar komai sai agogo da yatsu biyu. Ra'ayinmu shi ne, koyar da wannan gwaji a allo kawai yana fitar da ɗalibi mai iya lissafi wanda bai san ko lambar da ya lissafa gaskiya ce ba.

2. Yadda gwajin yake

Likita ɗan Faransa, James-Edward Ruffier, shi ne ya tsara gwajin a tsakiyar ƙarni na 20. Ana ƙirga bugun zuciyar mutum yana hutawa (P0). Sai ya tsuguna ya miƙe sau 30 cikin sakan 45, a ƙirga nan take (P1), a sake ƙirgawa bayan minti ɗaya (P2). Daga nan sai a tara ukun, a ɗebe 200, a raba da 10. A bisa ma'aunin da aka fi amfani da shi, daga 0 zuwa 5 yana da kyau, daga 5 zuwa 10 matsakaici ne, abin da ya wuce 10 kuwa alamar ƙarancin juriya ce.

Dole mu yaba wa gwajin a kan sauƙinsa. Malamin wasanni a kolejin ƙauye, inda babu wutar lantarki balle keken awo, yana iya yin shi a gindin bishiya. Amma wannan sauƙin shi ne ke ruɗin malami da ɗalibi, har su ɗauka cewa darasi ɗaya ya isa.

3. Inda lamba ke ɓata

Na farko, ƙirga. Galibi ana ƙirga bugu na sakan 15 ne a ninka sau 4, ke nan kuskuren bugu ɗaya ya zama huɗu. Alal misali, wanda ke da P0 72, P1 120, P2 88 zai sami 8. In ɗalibi ya ƙara bugu biyu kacal a kowace ƙirga, jimla ta ƙaru da 24, sakamako ya koma 10,4. Mutum mai matsakaicin juriya ya faɗa rukunin masu rauni, alhali babu abin da ya sauya a ƙirjinsa. Haka zalika, bugun zuciya yana sauka da sauri da zarar an tsaya, musamman ga wanda ya saba da motsa jiki. Ɗalibin da ya ɓata sakan goma yana laluben jijiya ya riga ya rasa P1 na gaskiya.

Na biyu, shekaru. Zuciyar yaro ta fi ta baligi saurin bugawa ko da yana cikin ƙoshin lafiya, amma 200 ɗin da ake ɗebewa ba ta sauyawa. In ƙirga ukun kowace ta haura da bugu 15 saboda ƙuruciya kawai, sakamako ya ƙaru da 4,5. Ga shi kuma yawancin ɗalibanmu yara za su je su auna a makarantu.

Na uku, yanayi. A Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram zafin rana yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Cikin zafi jiki yana tura jini zuwa fata, gumi yana rage ruwan jiki, sai zuciya ta ƙara sauri. Azumi, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini duk suna iya ɗaga bugu. Ke nan gwajin safiyar hunturu da na la'asar ɗin bazara ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Na huɗu, aikin kansa. Wani yana tsugunawa har ƙasa, wani rabi. Mai nauyin kilo 90 da mai kilo 55 ba kaya ɗaya suka ɗaga ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa huɗu da ke bayyana a cikin lissafin da ake rubutawa a allo.

4. Ba Ruffier kaɗai ba

Kada a ce ai sai a bar Ruffier a kama wani gwaji. Gudun minti 12 na Kenneth Cooper (Amurka, 1968) ya dogara ne ga daidaiton awon fili da kuma iya raba ƙarfi na mai gudu. Gudun kai-da-kawo na mita 20 na Luc Léger (Kanada, 1982) yana bukatar layi biyu da aka auna sosai da mai lura da wanda ya kasa kai ƙafa kan layi. Shi ma lissafin nan na 220 a ɗebe shekaru, da ake ƙiyasta iyakar bugun zuciya da shi, yana iya kaucewa da bugu 10 ko fiye. Tanaka da abokan aikinsa sun kawo wani a 2001, wato 208 a ɗebe 0,7 sau shekaru. Agogon hannu mai nuna bugu na zamani yana rage kuskuren ƙirga, amma bai san ko yaro na da zazzaɓi ba.

Bugu da ƙari, gwajin Cooper da na Léger suna kai mutum ga iyakar ƙarfinsa. A ƙasar da amosanin jini ya yawaita kamar Nijar, wannan magana ce ta rai. Ɗalibin da bai taɓa ganin fuskar mai jiri ba, ta yaya zai san lokacin da zai ce a tsaya?

5. Abin da muke ba da shawara

Ɗalibai su riƙa aiki uku-uku: ɗaya yana gwaji, biyu suna ƙirga bugunsa a wuyan hannun dama da na hagu, sa'annan su kwatanta lambobinsu har sai sun daina saɓawa. A maimaita gwaji a kan mutum ɗaya da safe da kuma da rana, a rubuta zafin wurin a takardar sakamako. Kowane ɗalibi ya iya awon tansiyo, ya iya tambayoyin farko game da ciwon ƙirji, suma, amosanin jini da magungunan da mutum ke sha. Ya san alamun tsayar da gwaji: ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, shaƙewar numfashi. Ya kuma gwada danna ƙirji a kan mutum-mutumi, sau 100 zuwa 120 a minti. A ƙarshe, rabin makin jarrabawa ya fito daga fili, gaban malami.

6. Kammalawa

Ba mu ce a yar da gwajin Ruffier ba. Mun ma ga cewa rauninsa yana da amfani ga koyarwa, domin a kansa ɗalibi zai gani da idonsa yadda bugu biyu ke sauya hukunci. Sharaɗin dai shi ne a yi shi da hannu sau da yawa kafin a ba ɗalibi takardar shaida, tun da da waccan takardar ce zai tsaya gaban ajin yara ya yanke wa kowa hukuncin lafiyar zuciyarsa. Muna fata abokan aiki na sashen likitanci za su tofa albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba.